Dakoro: A gyara ƙafar mota kafin a shiga daji, ko a lallaɓa sai an dawo?

Duk mai motar katkat a Dakoro ya san wannan tambaya. Gobe kasuwa, fasinja sun kama wuri, an ɗora buhuna, sai bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga baƙin maiƙo yana tsiyaya ta bayan tayar gaba. Ya girgiza tayar, ya ji tana ɗan wasa. Daga nan magana ta koma hannun mai mota: a kwance a gyara a rasa lodin gobe, ko a ƙara giris a ɗaure noti a tafi, in an dawo a duba?

Tambayar ta shafi mutane da yawa fiye da mai motar da direbansa. Ta shafi matar da za ta hau bayan motar da goyo, da makiyayin da ya saka ragunansa a ciki, da matashin da ke ci-rani a Kano, Abija ko Libiya, wanda za a buga wa waya a ce ya turo kuɗin gyara. Amsarta kuma ba ɗaya ba ce. Akwai lalacewar da mota za ta iya ɗauka har ta je ta dawo, akwai wadda ba a wasa da ita ko na kilomita goma. Abin da ke raba su shi ne sanin wane ƙarfe ne ya gaji, da irin hanyar da za a bi.

Inda kwalta ta ƙare

Dakoro na arewa da birnin Maraɗi, da tazarar fiye da kilomita 100, a kan hanyar da ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram a kusa da Tibiri. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar na da mutum fiye da dubu 600, waɗanda suka warwatsu a garuruwa irin su Kornaka, Sabon Machi, Ajekoriya, Birnin Lalle da Azagor, da ɗaruruwan ƙauyuka da rugage.

A wannan yanki ne noma da kiwo suka yi iyaka. Tun 1961 dokar Nijar ta shata layin da ya raba ƙasar noma da ƙasar kiwo, kuma kwarin Tarka, wanda ya ratsa gundumar, na kusa da wannan iyaka. Wanda ya ƙetare shi ya nufi arewa zai shiga ƙasar Bermo, wadda aka cire daga Dakoro aka mayar da ita gunduma a 2011. A can ne gandun dajin Gadabeji yake, mai faɗin kadada dubu 76, wanda aka keɓe tun 1955, hukumar UNESCO kuma ta saka shi cikin jerin yankunan da take kulawa da su a 2017. A watan Nuwamban 2018 an kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure da ke kusa da Yamai, aka kai su Gadabeji a manyan motoci, tafiyar kusan kilomita 800.

Mafi yawan tafiya a wannan ɓangare a kan burji ake yin ta da rairayi. Kowace irin hanya tana da ƙarfen da take ci. Burji mai gargada yana sassauta notuna yana karya sifirin. Rairayi mai zurfi yana tilasta wa mota ja da ƙafa huɗu na tsawon sa'o'i, abin da ke gajiyar da kardan. Ƙaya da kututture suna yaga roba. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, koramu da tafkunan kan hanya suna cusa ruwa da laka inda mai kaɗai ya kamata ya zauna.

Motocin da ke ɗauke da yankin

Motoci biyu suka fi riƙe wannan aiki, dukkansu na kamfanin Toyota: Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da kuma Hilux. Zuriyar Land Cruiser da ake kira 70 ta fito ne a 1984, samfurin 79 kuma ya biyo baya a 1999. Da yawansu suna ɗauke da injin gas mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Direbobi na son wannan inji saboda ba shi da tarkacen na'urori, kuma kusan duk bakanike ya san shi.

Sai dai ƙarfin injin yakan yaudari mai mota. Inji na iya tashi da bugu ɗaya alhali ƙafar motar ta gama gajiya. Kayan da kamfani ya ƙayyade wa irin waɗannan motoci bai wuce kusan tan ɗaya ba, wato buhun gero goma masu kilo 100. Idan aka ɗora buhu goman, sannan mutum 15 suka hau kai, kowannensu a ƙiyasta shi kilo 60, an ƙara kilo 900 ke nan, ban da jarkokin ruwa da mai da awaki. Wanda ya taɓa ganin motar kasuwar Sakabal ta fito da yamma ya san wannan lissafi bai yi yawa ba. Duk wannan nauyi a kan aksul yake sauka.

Me ke cikin aksul?

Aksul, wanda kanikawan Nijar suka fi kira pon, shi ne dogon ƙarfen nan da ya haɗa taya biyu, mai ƙullutu a tsakiya kamar tukunya. A cikin tukunyar akwai haƙoran ƙarfe da ke karɓar juyi daga farfela su raba wa tayoyin biyu, suna iyo a cikin man giya mai kauri. Daga tukunyar, sandar ƙarfe ta miƙa zuwa kowace taya. Ita kuma tayar tana juyawa ne a kan boris, wanda a Maraɗi ake ce wa rulma.

Aksul na gaba ya fi na baya rikitarwa, domin tayar gaba tana ja kuma tana karkata. Shi ya sa a Land Cruiser da tsofaffin Hilux ake ganin wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo a bayan kowace tayar gaba. A cikinsa akwai gaɓa mai ƙwallaye shida da ke ba sandar damar juyawa ko da an karya sitiyari. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro irin wannan gaɓa a shekarun 1920, masu Land Cruiser kuma suna kiranta Birfield, sunan kamfanin Ingila da ya shahara da ƙera ta. A gareji dai kardan ake cewa, kalmar da ta samo asali daga sunan Gerolamo Cardano, masanin lissafi ɗan Italiya na ƙarni na 16.

Wannan dunƙule giris ake cika shi da shi. Tsakaninsa da man giyar tukunya akwai wata 'yar roba da ke hana su haɗuwa. A samansa da ƙasansa kuma akwai ƙananan boris biyu waɗanda tayar ke karkata a kansu. Idan robar ta mutu, man giya yakan gangaro ya narkar da giris, su zama kamar kunu, su riƙa tsiyaya ta bayan taya. Illar biyu ce: kardan ya rasa giris, tukunya kuma ta rasa mai. Wani lokaci maiƙon har birki yake kaiwa.

Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau ba haka gabansu yake ba. Kowace tayar gaba tana da nata kardan a fili, an rufe gaɓoɓinsa da roba mai lanƙwasa. Da zarar ƙaya ta huda robar, giris ya fita, rairayi ya shiga, sai ya zama kamar an zuba wa ƙarfen dutsen niƙa.

Akwai kuma bambanci a baya wanda ya kamata fasinja ma ya sani. A Land Cruiser 79, nauyin mota yana kan kwankwason aksul ne, sandar ciki juyi kawai take kaiwa. Ko ta karye, taya tana nan a maƙale. A Hilux kuwa sandar ce ke ɗauke da taya, boris ɗaya ke riƙe da ita. Idan boris ɗin ya tarwatse, sandar na iya zamewa waje tare da tayar, mota tana cikin gudu.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

Kafin a yi gardamar gyara, sai an san abin da ya lalace. Gwajin ba ya buƙatar na'ura, rabin sa'a ya isa.

A ɗaga tayar da jak a kan ƙasa mai tauri, a tokare motar da ƙarfe ko kututture, kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. A kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Idan tana wasa, sai wani ya taka birki a sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne. Wasan yana nan, ƙananan boris ɗin dunƙulen ne suka gaji. Sannan a kama tayar dama da hagu a girgiza. Wasa a nan yana nuna gaɓoɓin sandunan sitiyari. A juya tayar da hannu a saurara: lafiyayyen boris ba ya gurnani.

Daga nan a sauke motar a kwance notin da ake zuba man giya ta wurinsa. Idan mota na tsaye a daidai, man ya kamata ya kai bakin ramin. A duba launinsa. Man da ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shige shi. Hakan yakan faru ne idan aksul ya yi zafi aka tsunduma shi cikin korama: iskar ciki ta huce ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta 'yar kafar shaƙar iska ko ta gefen roba. Notin ƙasa, wanda ake tsiyaye man ta wurinsa, yana da maganaɗisu. Laushin baƙin gari a jikinsa ba abin tsoro ba ne. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke iya ji, haƙora ne suka fara ɓarewa.

Sauran gwajin a kan hanya yake. A kulle maɓallan tsakiyar tayoyin gaba, a sa mota a ƙafa huɗu a kan rairayi, a karya sitiyari har ƙarshe a zagaya a hankali. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas alamar kardan ce. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana sauyawa idan an karkata dama ko hagu, boris ne. Kukan da ke tashi idan an taka totur ya lafa idan an saki, daga tukunya yake. Bugun da ake ji lokacin tashi ko sauya giya, sau da yawa gaɓar farfela ce. Bayan tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka birki ba, a taɓa tsakiyar kowace taya a kwatanta. Wadda ta fi 'yar uwarta zafi sosai tana da magana.

Wanda ba ya jira, da wanda zai iya jira

A nan ne hukuncin yake, kuma akwai ma'auni mai sauƙi: idan wannan ƙarfe ya mutu a hanya, mota za ta tsaya ne kawai, ko za ta ƙwace daga hannun direba?

Duk abin da ke riƙe da taya, sitiyari ko birki, ba ya jira. Boris mai gurnani ko mai zafi yana cikin wannan rukuni. Haka gaɓar sitiyari mai wasa, da notuna huɗun da ke ɗaure hannun sitiyari a jikin dunƙulen, waɗanda gargada ke sassautawa har su tsinke. Haka maiƙon da ya kai ga birki, da tsagewa a jikin aksul, da babban ganyen sifirin da ya karye, da ƙarafunan da ke ɗaure sifirin da aksul idan sun saki. Gaɓar farfela da ta yi wasa sosai ita ma tana nan, domin farfela idan ta tsinke tana cikin juyi takan fasa abin da ta tarar, wani lokaci ta caki ƙasa. Mai motar da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da zaɓi biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Rukuni na biyu shi ne wanda hanya ke yanke wa hukunci. Kardan ɗin gaba da ya fara ƙara ba zai hana mota zuwa Maraɗi a kan kwalta ba, matuƙar tana da maɓallan da ake buɗewa a tayoyin gaba, domin idan an buɗe su aka bar mota a ƙafa biyu, kardan ɗin ba ya aiki. Amma wanda zai nufi Bermo, Gadabeji ko Abalak, inda rairayi zai sa a karya sitiyari a taka totur da lodi a baya, a daidai wurin da aka fi buƙatarsa ne zai fashe. Kardan ɗin da ya fashe kuma gutsattsarinsa na iya cije sitiyari. Tukunyar da ke ɗan kuka amma manta tsaf yake za ta iya gajeriyar tafiya da sauƙin kaya. Wadda ta fara zubar da gutsattsari ta gama ba da sanarwa.

Rukuni na uku shi ne wanda za a iya lallaɓawa da sa ido: ɗan gumin mai a bakin roba wanda ba ya ɗiga, ko damshin giris a jikin dunƙulen gaba, wanda kusan kowace tsohuwar Land Cruiser ke da shi. Sharaɗin shi ne a cika mai kafin tashi, a riƙe wani a jarka, a kuma duba a kowane zango. Robar kardan da ta yage yau-yau tana tsakiya: sauya ta ba shi da tsada, barinta kwana biyu a rairayi kuma yana nufin sayen kardan gaba ɗaya.

Lissafin aljihu

Masu jinkirta gyara ba jahilci ke sa su ba. Motar haya a Dakoro daga kasuwa zuwa kasuwa take ci, kuma kowace kasuwa sau ɗaya take ci a mako. Wanda ya rasa ranar ya rasa kuɗin mako, wataƙila har da fasinjojin da suka saba da shi. Lokacin da aka fi samun lodi, kamar gabanin babbar Sallah da 'yan tireda ke tururuwar sayen raguna, ko watan Satumba da makiyaya ke haramar bikin lasar gishiri na Ingal, shi ne lokacin da mai mota ya fi ƙyashin ajiye ta.

Ga kuma nisan kayan gyara. Abin da babu a Dakoro sai an aika Maraɗi. Abin da babu a Maraɗi sai Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa. Wannan hanya ta sha toshewa a 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sake rufe iyakar, ba a buɗe ta ba sai Maris ɗin 2024. Gadar Gaya da Malanbil, wadda kayan tashar Kwatano ke bi, ta daɗe a rufe, lamarin da ya karkatar da kaya zuwa doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso. Duk lokacin da hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ƙarfe yakan ƙaru.

Duk da haka, lissafin da ya tsaya a kuɗin gyaran yau bai cika ba. Boris idan aka sauya shi a gareji, shi kaɗai za a saya da roba da giris. Idan ya cije a hanya, yakan narke a jikin ƙarfen da yake zaune a kai, ya ci mazauninsa, wani lokaci har da faifan birki. Robar tare mai tana cikin mafi arahar kayan aksul, amma tukunyar da ta bushe saboda ita tana cikin mafi tsada, domin haƙoranta biyu tare ake sauya su. A kan wannan sai a ɗora kuɗin babur ɗin da zai je ɗauko bakanike, da motar da za ta kwashe fasinja, da kwanakin da za a yi ana gadin mota a daji, da dabbobin da zafi zai iya kashewa. Mai motar da ya guji asarar kasuwa ɗaya yakan wayi gari ya rasa uku.

Sabo, na hannu ko jabu

Yanke shawarar gyara rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne abin da za a saka. Boris na kamfanoni irin su Koyo, NSK da NTN sun yi suna, shi ya sa masu jabu ke kwaikwayon kwalinsu da tambarinsu. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna ishara ce, araha ba ta ado. Manyan ƙarafa kamar tukunya da sanda, na hannu da aka ciro daga motar da ba ta wahala ba sau da yawa sun fi sabon da ba a san asalinsa ba. Boris da roba kuwa ba a sayen tsohonsu.

Mai sayen tukunya ta hannu ya ƙirga haƙora. Ba duk Land Cruiser ke da lissafi ɗaya ba: akwai mai haƙora 37 da 9, akwai mai 43 da 10. Idan na gaba da na baya suka bambanta, mota za ta yi tafiya lafiya a ƙafa biyu, amma ranar da aka sa ta a ƙafa huɗu, gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye. Tayoyi masu girma daban-daban ma haka suke yi, haka kuma barin mota a ƙafa huɗu a kan kwalta.

Lokacin gyaran shi ma yana da muhimmanci. Aikin da aka yi da fitilar waya a daren tafiya yana da nasa haɗari: a manta da wayar kulle noti, a ɗaure boris fiye da kima ya yi zafi, ko rairayi ya shiga giris. Sabon boris kuma yakan zauna bayan 'yar tafiya, ya buƙaci a sake duba ɗaurinsa. Gyaran ƙafa ya fi kyau a gama shi kwana biyu ko uku kafin tashi, a zagaya da motar, a sake ɗaga ta a girgiza.

Abin da daji ya koyar

Nijar ta ga abin da mutuwar mota a daji ke jawowa. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. A tsakiyar 2017 wasu mutum 44, mafi yawansu 'yan Ghana da Najeriya, sun mutu haka a hanyar Agadas zuwa Dirku.

Dajin Dakoro bai kai Tenere ba. Akwai rijiyoyi da rugage, akwai masu babur da ke giftawa. Amma a Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, sabis ɗin waya ba ko'ina yake ba, kuma motar da ta ɗauko mutum 20 ba kasafai take ɗauke da ruwan da zai ishe su kwana biyu ba. Sau da yawa kuma motar kasuwar ce ke zama motar asibiti ga mai naƙuda ko wanda maciji ya sara. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba.

Ga mai turo kuɗi daga nesa

Motoci da yawa a yankin da gumin 'yan ci-rani aka saye su, da shi kuma ake gyara su. Wanda ke nesa yana tsakanin tsoro biyu: kada a cuce shi da gyaran ƙarya, kada kuma rowarsa ta jawo asarar rai. Waya ta rage wannan matsala. Ya nemi a ɗauko masa bidiyo ta WhatsApp ana girgiza tayar, a nuna masa launin man da notin maganaɗisu. Ya tambayi sunan ƙarfen da lambar da ke jikinsa, ya tambayi farashi a wuri biyu. Idan ya turo kuɗin ta Nita ko Amana, ya raba na kaya da na aiki, bayan an gama kuma a nuna masa tsohon da aka cire. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

Akwai abin da ya fi wannan amfani: a riƙa ware wani abu daga kuɗin kowace kasuwa domin ƙafar mota, ko jika ɗaya ce ko biyu. Mafi yawan tafiye-tafiyen ganganci ana yin su ne saboda ranar da lalacewa ta bayyana babu ko dala a ajiye. Direban da ake biya da yawan lodin da ya kai kuma zai iya ɓoye ƙarar da yake ji. Mai mota ya nuna masa cewa faɗin gaskiya ba zai ci masa albashi ba.

Fasinja ma yana da ido. Tayar gaba da ta kwanta ciki ta sama, baƙin mai da ya wanke cikin taya, sifirin da aka ɗaure da igiya ko tsinken roba, duk ana ganinsu daga tsaye. Wanda ke da halin jiran mota ta gaba, ya jira.

Idan tafiyar ta zama dole

Wani lokaci babu makawa sai an tafi da lalacewar rukuni na biyu ko na uku. A irin wannan hali a rage kaya, a rage gudu a kan gargada, a sassauta iskar taya idan an shiga rairayi domin mota ta daina haƙa. Idan ta kafe, a tona a shimfiɗa mata ƙarfe ko rassa maimakon a yi ta taka totur da sitiyari a karye, domin a nan kardan ke fashewa. A bi bayan wata mota idan da hali, a tashi da sassafe, a faɗa wa na gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa.

A riƙe boris na taya da robarsa, gaɓar farfela, giris, man giya, babban sifana na notin taya, da katakon da jak zai zauna a kai. Direba ya san dabarun fita: idan kardan ɗin gaba ya mutu, a buɗe maɓallan gaba a koma ƙafa biyu, idan farfelar baya ce, a cire ta a kulle gaba a lallaɓa da tayoyin gaba zuwa gari mafi kusa. Ruwan sha kuma a ƙirga shi da yawan mutanen da ke cikin mota, a ninka na kwana biyu.

Waɗannan dabaru na ƙarfen da ke tsayar da mota ne. Babu wata dabara ga tayar da ta fice ko sitiyarin da ya saki a kan gangaren Tarka da mutum 20 a baya. Idan gwaji ya nuna boris, sitiyari ko birki, a sauke buhunan, a mayar wa fasinja kuɗinsu. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.